Rufin da Mai Kunne Bai Ji Ba

A kasuwar 'yan katako, idan ka shiga ta ƙofar da motoci ke sauke kaya, ka wuce masu sayar da ƙusa, shago na ƙarshe kafin rumfar injin yanka shi ne na Mai Kunne. Kafinta ne, amma kada ka kuskura ka kai masa aikin kujera. Zai yi maka ita ƙafa ɗaya ta fi sauran tsawo, kuma ya rantse daɓen ɗakinka ne ya karkace. Ba a nan ya yi suna ba. Abin da Allah ya ba shi shi ne jin katako. A kira shi gida, ya jingina tsani, ya zura kansa ta ƙofar silin, ya bi katakon rufi ɗaya bayan ɗaya yana bugawa da wata 'yar guduma, kunnensa na dama a manne da itacen. Idan ya sauko ya ce "ku kwana lafiya", mutanen gida sun samu barci ke nan har da minshari. Idan kuwa ya ce "a fitar da yara", ko tukunya ce a kan wuta barinta ake yi.

A wurin maigidansa ya koya, wani tsoho mai faɗan tsiya da ya shekara biyu bai bar shi ya taɓa zarto ba. Sai dai ya ɗaure masa ido da tsumma, ya jera masa katako goma, ya ce ya buga ya ware masu lafiya daga ciyayyu. Lafiyayyen katako yana amsa guduma da murya sama. Wanda aka cinye ta ciki kuwa amsawa yake a shaƙe, kamar mai mura. Kafin tsohon ya rasu, Mai Kunne ya kai inda idan gari ya yi tsit da rana tsaka, yakan ji tsutsar kanta tana gurgurar itace.

Shi wannan ƙwaro ba gara ba ne. Gara ko banza tana gina hanyarta a jikin bango, kowa ya gan ta ya san ya yi baƙuwa. Wannan kuwa munafuki ne. Uwar ta zo, ba ta fi ƙwayar shinkafa ba, ta saka ƙwai a tsagar katako ta yi gaba abinta. Tsutsa ta ƙyanƙyashe ta nutsa ciki, ta yi shekara uku ko huɗu tana ci, ba ta taɓa fatar waje ko kaɗan. Sai ta zama ƙwaro sannan ta huda ɗan rami kamar bakin ƙusa ta fita, gari mai laushi ya biyo bayanta. Mai Kunne yakan ce wa masu gida ramin nan da suke gani ƙofar fita ce, ɓarawon ya tafi tuni, 'ya'yansa ya bar musu a ciki.

Maganinsa ma ba ya canzawa. A toshe yoyon kwano tukuna, don ƙwaron ba abin da yake so irin katako mai danshi. A buɗe wa rufi hanyar iska. A shafa magani da burushi har sau biyu, a ɗura shi cikin ramukan, mai shafawa ya rufe hanci da baki. Kujera ko akwati a naɗe su cikin baƙar leda a bar su a rana kwana uku. Wanda aka ci har zuciya kuwa a cire shi a ƙone a ranar, kada matar gida ta ce za ta ajiye shi a kicin don girki. Mutum ɗaya ne ba ya ga-maciji da shi, mai fenti, wanda zai bi ramuka ya cike ya shafe su tas, a ga katako fes alhali cikinsa gari ne.

Shekara talatin injin yanka yana ihu a bayan shagonsa, ba abin da ya raba su sai falle ɗaya na kwano. Kunnen hagu ne ya fara tafiya, bai damu ba, ai da na dama yake ci. Daga baya na daman ma ya soma wani kuka mara yankewa kamar gyare ya shiga ciki ya tare. Matarsa ce ta fara lura, ganin yadda yake ƙure rediyo har maƙwabta suna jin labarai kyauta. Ta ce ya je asibiti, ya ce ita ce ta koma magana a maƙoshi tun da haƙoranta suka fara zubewa. Ya koyi kallon leɓen mutane, ya koyi dariya idan ya ga ana dariya. Wata rana wani da aka yi wa rasuwar suruki ya tsaya yana gaya masa, shi kuwa ya washe baki ya ce madalla. Aka ɗauka tsufa ne da kunnen uwar shegu, aka yi ta ba da labarin ana dariya.

Amma bai daina hawa rufi ba, kuma a nan ne ni kaina nake jin haushinsa. Kusan shekara biyu yana manna kunne a katako, ya lumshe ido kamar yadda ya saba, ba abin da yake ji sai gyarensa. Sai ya haska tocila a fakaice, ya duba ko akwai rami ko gari. Idan bai gani ba, ya sauko ya karkaɗe hula ya ce a kwana lafiya. Yana gaya wa kansa ai hannu ma yana ji, shekara arba'in ba kwana arba'in ba ce. Girman kai dai rawanin tsiya ne, kuma tsoro ne a ƙarƙashinsa, don bai san abin da zai zama ba idan aka cire kunnen daga sunansa.

Ana saura 'yan makonni damina ta faɗi ya je gaida ƙanwarsa, wadda ke riƙon jikokinta uku. Ya same ta da tsintsiya a hannu tana mita. Da yake fuskarta na kallonsa, ya karanta bakinta sarai: wai kullum da safe sai ta kakkaɓe wani gari daga kan gadon yaran, kamar wani na tankaɗe a sama. Tana faɗa tana dariya, har da cewa da ba yayanta ne ya duba rufin bara ba, da ta ce ƙwaro ne.

Ya ɗaga kai ya dubi silin. Ya aro tsani a maƙwabta ya hau, bai ko taɓa gudumar ba. Sukundireba ya zaro daga aljihu, ya ɗora bakinta a kan babban katakon da ya ratsa ɗakin, daidai saman gadon, ya danna. Ta shige har mariƙi kamar ya soka ta a burodi. Ya matsa taku ɗaya ya sake sokawa, ta sake shigewa. Ta saman katakon, inda tocilarsa ba ta kai ba bara, ramuka ne birjik, sababbi, bakinsu fari. Zafin da ke ƙarƙashin kwanon nan ya isa ya gasa mutum, amma shi sanyi ya ji yana bin bayansa. Ya daɗe a durƙushe yana kallon gadon ta wata tsaga a silin, da 'yar rigar ƙaramin a yashe a kai.

Da ya sauko ya ce, "A fitar da yara."

Ƙanwar ta saki tsintsiya. "Yaya, ba kai ka ce mu kwana lafiya ba?"

Ya wuce ta ya fita. Ya samo sanduna biyu masu kauri ya tokare katakon kafin rana ta faɗi, washegari ya zo da ma'aikata aka sauke shi. Da suka ɗaga shi ya karye gida biyu a hannunsu, garin ya tashi ya cika tsakar gida, aka kwashe aka cinna masa wuta.

A ranar ya gaya wa matarsa gaskiya. Ba ta yi mamaki ba, ba ta kuma ce ai na faɗa maka ba, ko da yake ya ga maganar ta zo mata har leɓe. Ta dai jawo kujera ta zauna ta damansa, ta kare bakinta da tafin hannu a jikin kunnensa, don ta haka kaɗai magana ke shiga, ta tambaye shi gida nawa ya hau tun da abin ya same shi. Shi bai taɓa rubuta komai ba a rayuwarsa, kansa ne littafinsa. Suka zauna tun azahar suna tunowa. Ita ta fi shi riƙewa, don duk ranar da ya hau rufi da yanar gizo a hula yake dawowa, ita ke wankewa. Suka tsaya a gida goma sha shida.

Kwana tara ya yi yana zagaya su da sukundireba a aljihu. Ko a nan bai saki ƙaryar ba, cewa yake sabuwar ƙa'ida ce ta sana'a, a koma a sake dubawa kafin ruwa. Goma sha ɗaya lafiya lau. Biyar sun ciwu, biyu daga ciki har bai yarda a sake kwana a ƙarƙashinsu ba. Kullum da safe kafin ya wanke ido sai ya fita ya dubi gabas. Ya san ciyayyen katako yakan yi shekara a tsaye idan ba a taɓa shi ba, amma iskar farkon damina takan ɗaga kwano ta maka shi ƙasa, kuma bugu ɗaya ya isa.

Ranar da ya gama na goma sha shida ya dawo gida ya ci abinci har da neman ƙari, karon farko a kwana tara. Yana wanke hannu ya ga matarsa ta tsaya cak da kwano a hannu. Ta ajiye, ta zo ta sunkuya a kunnensa.

"Malam, mai babur ɗin nan fa? Wanda ya zo ya ɗauke ka, ka dawo kana cewa bayanka ya ƙage?"

Ya tsame hannunsa daga ruwan. Ya tuna. Wajen shekara ɗaya da rabi ke nan, wani magidanci ya zo shago ya goya shi a babur, suka yi tafiya mai nisa zuwa sababbin unguwannin bayan gari, inda gidaje suke kama da juna kamar an buga su da hatimi ɗaya. Mutumin ya faɗi sunansa da na unguwar, amma a kan babur ya faɗa, yana kallon gaba, Mai Kunne kuwa ƙeyarsa kawai yake gani yana ta cewa haka ne, haka ne. Hanyar ma bai riƙe ba, idonsa a runtse saboda iska. Ɗakin dai yana ganinsa kamar yanzu. Bango shuɗi, agogo a sama da ƙofa, da mahaifiyar mutumin kwance a gadon ƙarfe, tsohuwa da rabin jikinta ya shanye, ko juyawa ba ta iya yi sai an juya ta. Katakon rufin tsoho ne da aka ciro daga wani rusasshen gini, an shafe shi da fenti mai kauri. Irin wannan ido ba ya gaya maka komai a kansa, sai kunne. Ya tuna har ransa ya ɗan sosu da ya ga fentin. Ya tuna kuma ya sauko ya ce su kwana lafiya, tsohuwar ta ɗaga hannunta mai motsi tana sa masa albarka.

Kwana huɗu yana yawo a bayan gari har ƙafarsa ta kumbura. Shuɗin bango a ciki yake, ba a ganinsa daga titi. Ya tsaya wurin masu shago yana tambayar wani mai babur da uwarsa ba ta da lafiya, aka ce Baba ai rabin garin nan ka kwatanta. Wasu sun ba shi amsa mai tsawo suna nuna hanya da hannu, bai ji ko kalma ɗaya ba, ya yi godiya ya wuce. Abinci ya daina shiga. Idan iska ta kaɗa leda a titi sai ya ɗaga kai sama. Hadari kuwa ya fara haɗuwa da yamma yana watsewa, kowace rana yana fin na jiya duhu. Tsoro yake ji irin wanda bai taɓa ji ba ko a kan rufin bene, don can idan ya faɗo shi kaɗai zai karye.

A rana ta biyar matarsa ta tare shi a bakin ƙofa yana sa takalmi. Ta ce ƙafa ba za ta samo gidan nan ba, baki ne zai samo shi. A ofishin shugaban kasuwa akwai lasifikar da ake cigiyar yaro idan ya ɓata, ko a kira direban da ya tare hanya. Duk mai gini a garin nan, da direba, da mai tura kura, ta kasuwar katako yake bi. Ya je ya faɗa da bakinsa, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ya fusata, ya ce so take ya tsaya gaban yaran da aka haifa a gabansa ya rushe sunan da ya yi shekara arba'in yana ginawa. Ta bar shi ya gama, sannan ta kama kafaɗarsa ta jawo kunnen.

"Sunanka ko ya rushe ba a kan kowa zai faɗo ba, Malam."

Ya zauna a kan dakali da takalmi ɗaya a ƙafa, ya daɗe. Da hantsi, lokacin da kasuwa ta fi cika, ya shiga ofishin shugaban ya roƙi a kashe injin yanka na minti biyar, a ba shi lasifika. Da yake ba ya jin muryarsa sosai, ihu ya yi ta yi ba tare da ya sani ba, har can bakin titi ana jin sa.

"Jama'a, ni ne Mai Kunne. Shekara biyu ke nan ba na ji. Duk wanda na hau rufinsa a cikin shekara biyun nan na ce ya kwana lafiya, ban ji komai ba, faɗa kawai na yi. Akwai gida ɗaya da na kasa ganowa, a bayan gari. Mai gidan yana da babur, ɗakin shuɗi ne, mahaifiyarsa tana kwance a ciki ba ta iya tashi. Don Allah duk wanda ya san su ya ce su fitar da ita yau, kada su jira hadari. Ku gaya wa na gaba, shi ma ya gaya wa na gaba."

Sau uku ya maimaita. Da ya fito, kasuwa kaf shi take kallo, bakuna suna ta motsi. Ko zagi ne ko tausayi bai sani ba, wannan ce rana ɗaya da kurumta ta yi masa amfani. Ya dai ga wasu samari suna dariya suna nuna kunnuwansu. Ya ga ɗaya daga cikin masu gidaje biyar ɗin nan ya tofar da yawu ya juya baya. Ƙanwarsa ma da labari ya kai mata, ta aiko a ce masa kada ya sake taka mata gida, tun da ya iya kallon jikokinta ya yi musu ƙarya. Daga ranar ba wanda ya sake kiransa duba rufi, kuma bai ga laifin kowa ba.

Kwana ɗaya, biyu, har shida, ba wanda ya zo ya ce an sami gidan. Kullum yana bakin shago tun safe yana bin kowane babur da ido. A rana ta bakwai bayan la'asar gabas ta yi baƙi ƙirin, iska ta taso gaba ɗaya. Yana zaune yana kallon mutane suna gudu, rumfuna suna kifewa, fallen kwano yana tashi sama yana juyawa kamar takarda, duk ba sauti. Tsawa ma a ƙirjinsa kawai yake jin ta. Ya riƙe bakin benci da hannu biyu yana karanta duk addu'ar da ta zo bakinsa, ba abin da yake gani sai hannun tsohuwar nan a ɗage. Aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya har magariba.

Washegari matarsa ta ƙi barinsa ya fita shi kaɗai, ta rako shi shago. Suna share ruwan da ya shiga ciki sai ga babur ya tsaya, duk taɓo. Mai Kunne bai gane fuskar ba. Sai da mutumin ya juya yana kafe babur ɗin ya ga ƙeyarsa, nan take tsintsiyar ta suɓuce daga hannunsa. Rigar mutumin ta yi dumu-dumu da ƙasa, hannunsa na dama a naɗe da tsumma, jini ya ɓullo ta ciki.

Bai yi sallama da fara'a ba, bai kuma miƙa hannu ba. Ya tsaya a bakin ƙofa yana magana da sauri, kansa a sunkuye, ga gashin baki ya rufe masa leɓe, Mai Kunne ya kasa kama ko kalma ɗaya. Ya dai ga ya nuna sama, sannan ya sauke hannuwansa biyu ƙasa da ƙarfi. Mai Kunne ya zame ya zauna a kan benci. Ya juya ga matarsa yana neman labari a fuskarta, ita kuwa ta toshe baki da gefen mayafi, idonta ya kawo ruwa, ba ta ko kallonsa. Mutumin ya yi ta magana. A duk rayuwar Mai Kunne bai taɓa ganin magana mai tsawon wannan ba.

Daga ƙarshe ta zo ta durƙusa ta damansa, ta kare bakinta da hannu.

"Rufin ya faɗo jiya da la'asar. A kan gadon ya faɗo, har ƙarfen ya lanƙwashe."

Ya juyo ya dube ta. Da kyar ya ce, "Tsohuwar fa?"

"Sun fitar da ita shekaranjiya. Mai kai musu ruwa ne ya ji a bakin wani direba. Shi mai gidan, hannunsa wajen janye kwano ya yanke. Ya ce shi ba don ransa ya so ya zo ba, bai yafe maka ba tukuna. Tsohuwar ce ta matsa masa tun asuba, ta ce a zo a gaya wa kafintan nan kada ya kwana da ita a rai. Babu kowa a ɗakin, Malam."

Ya kama hannunta ya riƙe gam. "Me kika ce? Na ƙarshen."

"Babu kowa a ɗakin."

"Ƙara faɗa."

Ta dube shi, ta san sarai ya ji. Mai babur ya riga ya juya yana ƙoƙarin tayar da injinsa. Ta gyara durƙuso a kan jiƙaƙƙen daɓen, ta mayar da bakinta kunnensa, ta ci gaba da faɗa masa a hankali har ya sassauta riƙon da ya yi wa hannunta.